Wace Taba Ce Ta Dace Da Ɗan Koyo?

Ina gaida mutanen Tozai, da na Isa, da Sabon Birni, da Gatawa, da Turba, da Bafarawa. Ina gaida 'yan uwanmu da rashin tsaro ya raba da gidajensu, waɗanda ke zaune a Gidan Rumji da Maraɗi da cikin garin Sakkwato. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mai da kowa gidansa lafiya. Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirin nan saboda waɗanda data ko sabis bai ba su damar saurare ba.

Batunmu na yau wani ƙanenmu ne ya jawo shi. Ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Ga abin da ya aiko: "Yaya, ina ganin manyan mutane a finafinai da TikTok suna riƙe da wata taba mai kauri, launin ƙasa-ƙasa. An ce mini ita ba a jan hayaƙinta zuwa ciki, don haka ba ta da illa kamar sigari. Idan mutum bai taɓa shan taba ba, wace iri ce ta dace ya fara da ita?"

Na san wasu za su ce a daka masa tsawa kawai a wuce. Ni ban ga amfanin haka ba. Yaron da ya yi tambaya kafin ya kunna ashana ya fi wanda ya laɓe bayan makaranta ya kunna bai tambayi kowa ba. In muka kore shi, wani zai ba shi amsa a teburin mai shayi, kuma kun san irin amsar da zai samu a can. Saboda haka mu amsa masa dalla-dalla.

Da farko, mece ce ita wannan tabar? Turawa na ce mata siga. Ni a shirin nan zan riƙa ce mata tabar Kuba don kada mu rikita ta da sigari, duk da cewa ba Kuba kaɗai ke yin ta ba. Sigarin da muka sani, yankakken ganyen taba ne aka naɗe a takarda aka sa masa auduga a gindi. Ita kuwa tabar Kuba ta asali, daga ciki har waje ganye ne. Akwai ganyen da ake cusawa a tsakiya, akwai wanda ke ɗaure shi, akwai na waje mai santsi wanda ido ke gani. Ana shanya ganyen ya bushe, a jibge shi ya yi gumi, a ajiye shi watanni ko shekaru, sannan a naɗe da hannu. Tun a 1492 mutanen Kolombus suka tarar da mazauna tsibirin Kuba suna naɗe ganye suna kunna masa wuta suna zuƙa. Har yau yankin Pinar del Río da ke yammacin Kuba shi ya fi suna a noman ta, sai ƙasashe irin su Nikaragwa da Honduras da Jamhuriyar Dominika. Wani abin da ba kowa ya sani ba, maƙwabciyarmu Kamaru tana cikin wuraren da ganyensu na naɗin waje ya yi suna a duniya. Sunaye irin su Cohiba da Montecristo su ne na 'yan gayu. Guda ɗaya tak takan kai dala 10 ko 20, wasu ma sun wuce haka nesa. Ku auna da canjin yau ku ga buhun me kuɗin zai saya.

To, masu sayar da ita da masu sha'awarta suna da shawarwarin da suke ba ɗan koyo, kuma kusan bakinsu ɗaya. Suna cewa ka fara da ƙarama, kada ka ɗauki doguwa. Ka zaɓi mai hasken ganye, irin wanda ake nomawa ƙarƙashin inuwa, domin galibi ta fi sauƙi a maƙogwaro. Kada ka sha da yunwa, ka ci ka ƙoshi tukuna. Ka riƙa ja a hankali, kana hutawa tsakani. Kada ka haɗiye hayaƙin, ka juya shi a baki ka fesar. Sannan ka ajiye wani abu mai zaƙi kusa da kai, lemo ko sukari, ko da jiri zai ɗebe ka.

Ƙanena, ka ji amsar da za su ba ka. Yanzu mu sake bin shawarwarin nan ɗaya bayan ɗaya, mu tambayi kanmu: maganin me ake yi?

Me ya sa sai ka ci abinci? Me ya sa sai ƙarama? Me ya sa ake tanadin sukari? Dalili ɗaya ne. A cikin ganyen taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin. Ita shukar tana yin sa ne don ta kare kanta daga ƙwari. Guba ce, kuma an daɗe ana haɗa maganin ƙwari da ita a gonaki. Masu aikin gonar taba, idan suka yini suna tsinkar ganye mai raɓa, sukan kamu da jiri da amai ba tare da sun sha ko kara ɗaya ba, domin nikotin ya shiga ta fatarsu. Ranar farko da wannan sinadari ya shiga jikin mutum, jiki yakan yi ƙara: tari, hawaye, jiri, zufa, tashin zuciya, wani har amai. Wannan ƙarar ita ce nasiha mafi gaskiya da wani zai taɓa yi maka a kan taba, kuma jikinka ne ya yi maka ita kyauta. Duk shawarwarin da na lissafa, dabaru ne na rufe wa jiki baki har ya saba. Abin da ake kira taba mai sauƙi ta ɗan koyo, ita ce wadda ta fi iya wucewa ta gaban mai gadi ba tare da ya farka ba.

Sai maganar cewa ba a jan hayaƙinta zuwa huhu. Gaskiya ne yawancin masu shan ta ba sa ja. Amma akwai dalili. Yanayin hayaƙinta ya bambanta da na sigari, ta yadda nikotin ɗinta ke ratsa fatar cikin baki ya shiga jini kai tsaye, ba sai ya je huhu ba. Kamar dai yadda tsoho mai cusa taba gari a leɓe yake samun abin da yake nema ba tare da ya kunna wuta ba. Kuma babbar tabar Kuba guda ɗaya tana iya ɗauke da ganyen da ya kai na kwalin sigari guda cur. Hayaƙin da ka juya a baki ya taɓa leɓe, ya taɓa harshe, ya taɓa dasashi da maƙogwaro, yawun da ka haɗiye kuma ya bi da shi ta hanyar abinci. Shi ya sa cutar daji ta baki da ta maƙogwaro da ta maƙoshi ke bin masu shan ta.

Tun da manyan mutane ne suka ba ka sha'awa, bari in ba ka labarin manyan mutane. Ulysses Grant, janar ne kuma shugaban Amurka, ya yi suna da shan wannan tabar. Cutar dajin maƙogwaro ce ta kashe shi a 1885. Sigmund Freud, shahararren likitan nan na halayyar ɗan Adam, ba a raba shi da ita. A 1923 aka gano cutar daji a cikin bakinsa. An yi masa tiyata fiye da sau 30, an cire wani ɓangare na muƙamuƙinsa, ya rayu shekara 16 cikin wannan azaba har ya rasu a 1939, kuma duk da haka ya kasa rabuwa da ita. Sai Fidel Castro, shugaban Kuba, wanda saboda shi aka fara yin Cohiba. Mutumin da ƙasarsa ke cin abinci da wannan taba, wanda ake kawo masa mafi kyawunta kyauta, shi da kansa ya ajiye ta a 1985. Hoton da kake gani yana yawo, na lokacin da yake sha ne. Na bayan ya daina ba ya samun masu turawa.

To amma jama'a, mu gaya wa kanmu gaskiya. Yaro a Tozai ko Gatawa ba zai ga Cohiba a teburin mai tireda ba. Sha'awar daga waya take zuwa, amma abin da hannu zai kai gare shi, shi ne karan sigari da ake ɓallewa daga kwali a sayar ɗaya-ɗaya. Don haka mu dawo gida.

Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san taba gari da ake haɗawa da kanwa, sun san lofe, iyayenmu mata sun san furen taba da ake goga wa haƙori tare da goro. Har karin magana gare mu, cewa taba bamban take da garin gero. Tun farkon shigowarta wannan yanki malamai suka yi ta muhawara a kanta. Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi rubutu a kanta wajen 1607, kuma shi yana cikin waɗanda suka ga halascinta, wasu malaman zamaninsa suka saɓa masa. Amma ku lura, a lokacin babu wanda ya san abin da take yi wa huhu. Sai a 1950 wasu masu bincike biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fitar da sakamakon da ya nuna alaƙar sigari da cutar dajin huhu. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya tabbatar da haka. Hukunci fagen malamai ne, ku tambaye su, amma za ku tarar da yawa daga malaman yau sun gina fatawarsu a kan wannan cutarwa da ta bayyana.

Abin da ya sauya tsakanin zamanin kaka da namu shi ne kasuwa. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka kafa masana'antar sigari a Zariya. A 2003 kamfanin British American Tobacco ya buɗe babbar masana'anta a Ibadan. Mu kuma mutanen bakin iyaka muna da namu tarihin. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kan Alhazan Maraɗi, inda ya nuna yadda fiton sigari da atamfa zuwa Najeriya ya zama ɗaya daga hanyoyin da manyan 'yan kasuwar garin suka yi arziki. Wato mu nan, sigari ta gabas da yamma, ta kudu da arewa take zuwar mana. Tsoho na da, ganyen da aka noma a fadama yake daka wa kansa. Yaron yau kuwa, kamfanoni masu ƙwararrun ma'aikata ne suka zauna suka tsara abin da zai yi masa daɗi a baki.

Nan ne nake so mu tsaya mu yi tunani. Ƙanenmu ya ce wace zai zaɓa. Ku tambayi duk mashayin da kuka sani, wa ya zaɓar masa karan farko? Da wuya ku sami wanda ya ɗauki kuɗinsa ya je ya saya. Karan farko kyauta ne. Aboki ne ke miƙo shi, a tasha, ko a majalisar 'yan kabu-kabu, ko wurin mai shayi bayan isha'i. "Kai dai ja ɗaya, ba ta komi." In ka yi tari a yi maka dariya, a ce yaro ne, bai iya ba. Gobe sai ka dawo don ka nuna ka iya. Na biyu ma kyauta, na uku ma haka. Ranar da ka fara saye da kuɗinka, ranar an gama da kai, zaɓi ya riga ya fita hannunka.

Kuma halin da yankinmu ke ciki ya ƙara buɗe ƙofar. Matashin da a da yake yini a gona, yanzu gonar ba ta shiguwa. Wanda ke makaranta, an yi hijira karatun ya tsaya. Wani yana kwana gadin gari cikin sanyin hunturu, a ce masa ja wannan, tana kore barci, tana ɗumama jiki. Wani an kashe masa uba, ko an sayar da duk abin da gidansu ya mallaka an biya kuɗin fansa, yana kwana ido biyu, a ce masa wannan tana rage tunani. Ba na raina damuwar kowa, domin ni ma ɗan yankin nan ne, na san abin da muke gani. Amma ga yadda abin yake aiki. Idan ka ja hayaƙin sigari, nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ka ji wani ɗan sakayau. Bayan ɗan lokaci ya ragu a jini, sai ƙunci da saurin fushi su taso. Ka sake kunnawa, ƙuncin ya kwanta. Kai kana ganin ta yi maka maganin damuwa, alhali damuwar da ita ta haifar ce ta ɗan sassauta maka. Damuwarka ta asali tana nan inda ka bar ta, ga kuma sabuwa an ɗora maka wadda sai ka biya kuɗi kullum.

Dabarar nan ta mai sauƙi, ba a kan tabar Kuba ta tsaya ba. Shekara da shekaru kamfanoni suna sayar da sigarin da suke wa laƙabi da marar nauyi, mutane suna ɗauka ya fi sauƙin illa. A 2006 wata alƙaliya a Amurka, Gladys Kessler, ta yanke hukuncin cewa manyan kamfanonin taba na ƙasar sun yaudari jama'a, har da a kan wannan batu, domin sun san mai shan irin wannan sigari yakan ƙara zurfafa ja ne don ya sami nikotin ɗin da jikinsa ke nema. Haka sigari mai sanyin minti. Sanyin yana kashe kaifin hayaƙi a maƙogwaro, ɗan koyo ba ya tari sosai, sai ya zarce. Tarayyar Turai ta hana sayar da shi tun watan Mayun 2020. Haka shisha, wadda yanzu ta zama abin gayu a Sakkwato da Kano da Maraɗi, har 'yan mata na sha. An sa mata ƙamshin tuffa da na inabi, an ce ai ruwa yana tace hayaƙin. Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya cire gubar, ga kuma hayaƙin gawayi a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zaman shisha na kamar awa ɗaya mutum na iya zuƙar yawan hayaƙin da ya kai na sigari 100 ko fiye. Ruwanda da Kenya sun haramta ta a 2017, Mali ta bi sahu a 2022. Sanyi, ƙamshi, zaƙi, taushi, duk aikinsu ɗaya: kada ka yi tarin da zai sa ka gudu.

Wani zai ce, ni gwadawa kawai zan yi, sau ɗaya. Masu bincike a jami'ar Queen Mary da ke Landan sun tattara bayanan mutum fiye da 200,000 daga ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Ostireliya. Suka gano cewa cikin duk mutum 5 da suka taɓa gwada sigari, aƙalla 3 sun kai ga shan ta kullum, ko da na wani lokaci ne. In aka ce maka cikin mutum 5 da suka bi wata hanya an tare 3, za ka bi ta don gwaji? Mu da muke tambayar labarin hanya kafin mu hau mota zuwa Shinkafi, mun fi kowa sanin amsar.

Wani kuma zai ce, ni kara ɗaya nake sha a rana, ba ni da matsala. A 2018 mujallar likitoci ta Birtaniya ta buga wani babban nazari da ya nuna cewa mai shan kara 1 a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki na mai shan kara 20. Rabi fa, jama'a. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A cikin hayaƙin sigari akwai sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo cutar daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a duk shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su ma sha, zama kusa da mai sha ne ya ja musu. Matarka ce, da jaririn da ke kwance a ɗaki, da tsohuwarka mai asma. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Mu yi lissafin aljihu kuma. Mu ɗauka kara ɗaya naira 50 ne, kowa ya sa farashin garinsu. Kara 5 a rana, naira 250 ke nan. A shekara ya kama naira 91,250. Wannan kuɗin ka ƙone su da hannunka, a lokacin da ake auna gero da gwangwani a gidaje da yawa. Sannan ka tuna inda muke. Wanda ke shan tabar Kuba a fim, in maƙogwaronsa ya fara ciwo, akwai likitansa a bayan gida. Kai in tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko wani ƙurji ya fito a harshe ya ƙi warkewa, sai an ɗauke ka zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ta hanyar da kowa ya san halinta, da kuɗin da sai an sayar da akuya ko gona. Cutar ɗaya ce, amma wanda ya fi nisa da asibiti shi ya fi jin jiki.

Kuma akwai doka, ko da ba a bin ta. Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta taƙaita shan taba a 2005. A watan Mayun 2015 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar ƙasa ta taƙaita taba. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ta hana ɓalle kwali a sayar da kara ɗaya-ɗaya, sai dai kwali mai kara 20. Ta hana sha a wuraren taruwar jama'a irin su makarantu da asibitoci da motocin haya. Nijar ma tana da tata dokar tun 2006. Me ya sa aka hana sayar da kara ɗaya? Saboda yaro ba shi da kuɗin kwali, amma yana da canjin da ya rage daga aike. Sannan hoton gargaɗin nan mai ban tsoro a jikin kwali yake, wanda ya sayi kara ɗaya ba ya ganin sa. Karan nan guda shi ne ainihin tabar ɗan koyo ta ƙasarmu.

To yanzu me za mu yi? Ina da roƙo ga mutum huɗu.

Na farko, kai da ba ka fara ba. Amsar tambayarka ita ce babu. Babu ƙarama, babu mai haske, babu mai sanyi, babu mai ƙamshi da ta dace da kai. Kana riƙe da abin da duk mashayi yake fata ya dawo masa, wato jikin da bai san ta ba. In an miƙo maka, ba sai ka yi wa'azi ba, ka ce na gode, ba na sha. Za a yi maka dariya kwana biyu a gaji. Masu bincike sun nuna yawancin mashaya kafin shekara 18 suka fara, kuma wanda ya wuce tsakiyar shekarunsa na ashirin bai fara ba, da wuya ya fara. Ka tsallake wannan ɗan tsakanin kawai.

Na biyu, yayyena da abokaina da suka riga suka saba. Ba na zagin ku, na san ba ƙaramin kamu take yi ba. Abu ɗaya nake roƙo ko da ba ku daina yau ba: kada hannunka ya zama wanda ya miƙa wa wani karansa na farko. In yaro ya ce ba ni in ja, ka hana shi, ka gaya masa sau nawa ka yi niyyar dainawa ka kasa. Maganarka ta fi tawa shiga kunnensa. Kai ma kuma ƙofa ba ta rufe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin minti 20 da dainawa bugun zuciya ke fara daidaita. Cikin awa 12 gubar hayaƙi da ke cikin jini ta sauka. Daga mako 2 zuwa 12 numfashi ya fara buɗewa. Bayan shekara 1 haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. Wanda ya daina yana ɗan shekara 30 yana iya tsira da kusan shekara 10 da taba za ta ci masa. Kwanakin farko su ne masu wuya, ciwon kai da fushi da rashin barci, amma suna wucewa cikin 'yan makonni. Wanda ya iya riƙe baki daga asuba zuwa magariba wata guda cur a azumi, ya riga ya nuna wa kansa zai iya. Ka sa rana, ka gaya wa wani wanda kake jin kunya, ka ƙaurace wa majalisar da ake sha na ɗan lokaci. In ka faɗi, ka tashi ka sake, da yawa sai da suka gwada sau da dama kafin su dace.

Na uku, masu tireda da masu shayi. Mun san neman halali kuke, kuma kasuwa ta yi wuya. Amma yaron da ya zo da naira hamsin ɗinsa, ɗan wani ne da kuke sallah sahu ɗaya da shi. Ka ce masa babu. Ribar kara ɗaya ba za ta sa ka arziki ba, rashinta ba zai talauta ka ba.

Na huɗu, iyaye. Baba, don Allah a daina aiken yara sayen sigari, a daina cewa je ka murhu ka kunno mini. Yaron da ya kunno, sai ya ja sau ɗaya kafin wutar ta kama, ka ga kai da kanka ka zaɓar masa ta farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ranar 31 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da shan taba ta duniya. Ina ba matasanmu shawara, kowace unguwa a sami mutum uku ko huɗu, a je wurin mai unguwa da liman, a zagaya teburan da ke kusa da makarantu, a yi magana da masu su cikin mutunci. Wannan ba ya buƙatar kuɗi ko takarda daga Abuja.

Duk wanda ya taɓa sha ya daina, ya aiko mana da yadda ya yi, ba za mu faɗi suna ba, za mu karanta a shiri na gaba don wasu su amfana. Ku tura wa ƙannenku wannan rubutu, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Allah ya tsare mana matasanmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da ƙasar Gobir da Najeriya da Nijar lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.